Harshen saniya da zafin fitsari: ina gaskiyar take?

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Wai a tafasa harshen saniya, ciyawar nan mai jan kara da ganye mai kauri da ke shimfiɗuwa a gefen lambu, a sha safe da yamma, sanyin mafitsara ya kau. Har da cewa mai juna biyu ba sai ta je asibiti ba.

Cewa ganyen abinci ne mai amfani, gaskiya ne. Yana da bitamin A da C, ana cinsa a Turkiyya da Masar. 

Inda ɓarnar take shi ne a ce ya wadatar. Yawancin ciwon mafitsara ƙwayar cutar E. coli ce ke jawo shi, daga hanji take shigowa. An ga ruwan ganyen yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, amma ba a nuna yana warkar da mafitsarar mutum ba. Zafin kan iya lafawa don an sha ruwa da yawa, alhali cutar na haurawa ƙoda. Sai zazzaɓi, rawar sanyi, amai da ciwon kwiɓi. Ga mai ciki, hakan na iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ƙari kuma, ganyen cike yake da sinadarin oksalet mai tara tsakuwa a ƙoda. Wanda ya naɗi saƙon ko sunansa bai faɗa ba, ya dai rufe da "a tura saboda Allah". In abin ya kai ga wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, ba za a gan shi ba.

Ba na ganin laifin matar da ta gwada. Kuɗin acaɓa daga ƙauye, kuɗin gwaji, ga kunyar faɗa wa likita namiji inda ke ciwo. Amma gwajin fitsari da maganin 'yan kwanaki sun fi jinyar ƙoda araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata matsalar fitsari ta daban: yaron da ke wanka a madatsar Tiga ko magudanan noman rani, in yana fitsarin jini, a fara zargin tsargiya. Tsutsa ce, maganinta praziquantel, a kai shi asibiti.