Man habbatus sauda da ɗaukewar al'ada

A Wudil ta jihar Kano, wasu mata kan koma ga man habbatus sauda ko na hulba idan al'ada ta fara ɗauke musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hakan kan faru ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Raguwar sinadarin estrogen ce ke haddasa zafin jiki kwatsam da zufar dare.

Sai dai bincike bai tabbatar mayukan na kawar da matsalar ba, kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce.

Likitoci na gargaɗin cewa jinin da ya dawo bayan wata 12 da ɗaukewarsa na iya zama alamar sankarar mahaifa, don haka a garzaya asibiti.