Safar Ƙarfe da Layin Bulala: Tarihin Kalmar Gauntlet

A watan Yulin 1821, ana cikin walimar naɗin Sarki George na Huɗu a zauren Westminster da ke Landan, sai ga wani mahayi ya shigo bisa doki sanye da sulke, ya jefar da safar hannunsa ta ƙarfe har sau uku. Manufarsa a fili take: duk mai ja da wannan sarauta, ya ɗauka a gwabza. Ba wanda ya amsa kiran. Mahayin shi ne Henry Dymoke, wanda gidansu ke riƙe da wannan aiki tun 1377, kuma daga kansa ba a ƙara yi ba.

Safar da ya jefar ita Turawan Ingila ke kira gauntlet. Sun aro sunan ne daga Faransanci a ƙarni na 15, daga gantelet, wato ƙaramar safar hannu, su kuwa Faransawa sun gaji tushen daga harshen Farankawa. Da ma Ingilishi yana da tasa kalmar ta gado, glove, wadda asalinta ke komawa ga tsohon sunan tafin hannu. Ita wannan ta kowa ce, baƙuwar kuwa ta jarumai. Daga al'adarsu ne jefa gauntlet ya zama kiran fito-na-fito, ɗaukar ta kuma amsa kiran. Yau har safar mai walda, mai rufe tsintsiyar hannu, haka ake ce mata.

Inda labarin ya yi daɗi shi ne wata ma'ana ta biyu da ba ruwanta da hannu. A da, sojojin Turai suna da wani horo: a jera dakaru layi biyu riƙe da sanduna ko igiya, mai laifi ya ratsa tsakiya tsirara daga wuya zuwa ƙugu, kowa na tsula masa. Mutanen Suwidin suna kiran wannan gatlopp, ma'ana gudun lungu. Ingilishi ya tsinci kalmar a zamanin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648, ya mai da ita gantlope. Da yake bakin sojan Ingila bai san ta ba, sai ya karkatar da ita zuwa wadda kunnensa ya saba ji, ta koma gauntlet. Shi ya sa har gobe idan minista ya ratsa taron 'yan jarida suna yi masa ruwan tambayoyi, sai a ce ya yi gudun gauntlet, alhali ba safar da ke gudu.

Wasu editocin Amurka sun yi ƙoƙarin raba gardama, suka ware rubutun gantlet domin horon kawai. A ganina sun makara. Shekara ɗari uku jama'a na haɗa kalmomin biyu, kuma yawancin marubuta ba su bi editocin ba.