Kumburin Tsoka Bayan Mura

A bakin Bahaushe kalmar "mura" tana da faɗi ƙwarai. Ta haɗa majina da atishawa na kwana biyu, ta kuma haɗa zazzaɓi mai kwantar da mutum, irin wanda likitoci ke kira infuluwenza. Duka ƙwayoyin bairos ke kawo su. Galibi mura takan wuce ba ta bar kome ba, amma a kan sami wanda tari ya sake shi, sa'an nan tsokarsa ta kumbura. Wannan kumburi iri biyu ne, bambanta su kuwa wajibi ne, domin ɗaya yakan warke da kansa, ɗayan yana iya kisa.

Na farko na yara ne. Wani likitan Suwidin, Lundberg, ya bayyana shi a 1957. Zazzaɓi ya sauka, sai yaro ɗan makarantar firamare, yawanci namiji, ya wayi gari ya ƙi takawa sabo da ciwon sha-raɓa, watau tsokar bayan ƙwauri. In an matsa masa sai ya tafi bisa yatsun ƙafa. Iyaye kan firgita su ce shan inna ne, alhali shan inna jijiya yake ci, ƙafa ta saki. Wannan kuwa hutu da shan ruwa sun isa, cikin kamar mako guda yaro ya miƙe. Amma fa in fitsari ya yi duhu kamar shayi, tsoka ce ke narkewa cikin jini, tana iya lalata ƙoda, sai a gaggauta zuwa asibiti.

Na biyu shi ne mai wuyar sha'ani. Jiki yana da garkuwa, dakarun da ke yaƙar baƙuwar cuta. Wani lokaci an gama yaƙi amma ba su ajiye makamai ba, sai su juya kan tsokar mai su da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Masana na ganin bairos tsokana kurum yake yi, ga jikin da tun asali ya gāji wannan rauni. Shi ya sa dubbai ke yin mura, ɗaya tak ya kamu.

Misali mafi ban mamaki a ganina shi ne na wani sinadari da ake kira MDA5. Aikinsa gadi ne: yana zaune cikin ƙwayoyin jiki, da ya hangi bairos, har da na korona, sai ya yi gangami. A 2005 likitocin Japan suka sami wani makamin garkuwa cikin jinin waɗansu majinyata, a 2009 aka gane ashe mai gadin nan yake hari. Bayan annobar korona, likitocin lardin Yokshaya na Ingila suka ba da rahoto a 2024 cewa masu wannan makami sun ƙaru a wajensu, musamman cikin 2021. Wannan nau'i ya fi taɓa fata da huhu bisa tsoka, huhun kuwa yakan lalace da sauri.

Babbar alamar iri na biyu rashin ƙarfi ce, ba zafi ba. Yakan zo sannu a hankali cikin makonni, dama da hagu daidai, a cinya da kafaɗa da wuya. Mutum ya kasa tashi daga tsugunno, mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, wani har haɗiya ta gagare shi. Sau da yawa fatar ido da bayan gaɓoɓin yatsu kan sauya launi. Littattafan Turai sun ce launin shunayya ne, amma a baƙar fata duhu kawai ake gani, don haka yakan kuɓuce wa mai dubawa.

Ana tabbatar da cutar da gwajin jini, domin tsokar da ta ji rauni tana zubar da sinadarin CK, sa'an nan a yanki ɗan ƙanƙanen nama a duba. Magani shi ne a kwantar da garkuwar da firedinisolon, a haɗa da irin su metotirezet, wata da watanni ko shekaru. Ga babba lalle a bincika ko akwai ciwon daji a ɓoye, gama wani lokaci tare suke tafiya.

Malamin da ɗalibinsa ya dawo daga jinyar mura yana jan jiki, ya sa shi ya zauna a ƙasa, ya ce ya tashi ba dafawa. In ya kasa, kuma mako biyu sun wuce, a kai shi wurin likita.