Sabuwar Bindigar Gasa da Ladubban Sabawa da Ita

Daga cikin wasannin da al'ummomin duniya ke taruwa dominsu a gasar Olamfik ta zamani, tun daga zamanta na farko a birnin Atina na ƙasar Girka cikin 1896, akwai wani wanda ba a gudu a cikinsa, ba a tsalle, ba a kuma kokawa, har ma mai kallo in bai san sirrinsa ba sai ya zaci mutane aka jera aka hana su motsi. Wannan kuwa shi ne wasan harbin allo da bindiga. Manufarsa ba baƙuwa ba ce gare mu, domin malaman fikihu tun da can sun halatta musabaƙa a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, illa dai kayan aikin ne suka sake, ma'aunin gwanintar kuma ya ƙara tsanani ƙwarai da gaske.

Kafin mai karatu ya fahimci abin da ya sa maharbi ke ɗaukar zuwan sabuwar bindiga da girma haka, wajibi ne ya san ƙanƙantar abin da ake nema a sama. A gasar bindigar iska, wadda ta shiga Olamfik cikin 1984, maharbi yana tsaye ne da ƙafafunsa, ba jingina ba madogara, tsakaninsa da allo mita 10, yana harba ɗan harsashin darma mai faɗin milimita 4.5 wanda nauyinsa bai wuce kimanin rabin giram ba. Baƙin da'irar da yake hange faɗinta milimita 30.5 ne, a tsakiyarta kuma akwai ɗigon maki goma, wanda faɗinsa rabin milimita ne tak, daidai da bakin fensirin nan da ake rubuta 0.5 a jikinsa. Da yake gwanayen zamanin nan kusan ba sa kuskuren wannan ɗigo, sai hukumar wasan ta duniya, ISSF, wadda aka kafa cikin 1907 kuma mazauninta yake birnin Munik na Jamus, ta kasa goman kanta kashi goma, daga 10.0 har zuwa 10.9, na'ura ce ke auna inda harsashi ya ratsa. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, ba a yarda da tabaron hangen nesa a kan bindiga ba, nauyinta kuma ba zai haura kilo 5.5 ba.

Maƙeran irin wannan bindiga 'yan kaɗan ne, galibinsu a tsakiyar Turai: Anschütz da Walther a garin Ulm, Feinwerkbau a Oberndorf, duka a Jamus, sai Steyr a Ostiriya, da Bleiker a Suwizalan wanda ya yi suna wajen bindigar mita 50. Kowace daga cikinsu, in aka ɗaure ta a maɗauri na ƙarfe yadda hannun ɗan Adam bai taɓa ta ba, aka ba ta harsashin da ya dace da ita, za ta zuba harbi goma cikin rami guda. Ma'anar wannan a fili take: bindigar ta riga ta fi mai ita daidaito, kuma kusan dukan tawayar da za a gani a kan allo daga jikin mutum take fitowa, daga bugun zuciyarsa da numfashinsa da rawar tsokarsa da gaggawar yatsansa. Saboda haka wanda ya kashe Yuro 2,000 ko fiye yana tsammanin makinsa zai hau a ranar da ya buɗe akwati, sau da yawa akasin haka yake gani a makonnin farko, domin jikinsa ya haddace tsohuwar bindiga, tun daga inda kuncinsa ke sauka har zuwa yadda nauyinta ke kwanciya a tafin hannunsa, yanzu kuma an kawo masa baƙuwa. Sha'aninta sha'anin sabon doki ne: kome kyan asalinsa, sai mahayi ya san bakinsa, shi ma ya san hannun mahayi, kafin a fita da shi filin sukuwa.

Aiki na farko, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci kuma aka fi yi masa riƙon sakainar kashi, shi ne daidaita bindiga da ƙirar jikin mai ita. Bindigar gasa ta zamani ƙotarta galibi ta gorar ruwa ce, cike take da notuna da ƙusoshi, kusan kowane sashe nata ana iya ja da shi gaba ko baya, a ɗaga shi ko a sauke shi ko a karkata shi. Akwai farantin da ke zama a kafaɗa, akwai matashin da kunci ke hawa, akwai mariƙin hannun dama, akwai 'yan ƙarafan nauyi da ake matsawa kusa da baki ko kusa da gindi don a sami inda bindigar za ta natsu. Ƙa'idar da masana suka haɗu a kanta ita ce, mutum ya fara tsayawa yadda ƙasusuwansa za su ɗauki nauyi, gwiwar hannun hagu a kan ƙugu, kai a miƙe, sa'an nan a kawo bindiga ta iske shi a nan. In ya zama shi ne yake lanƙwasa wuya yana neman ramin saiti da ido, to lalle matashin kunci bai zauna daidai ba, kuma kafin harbi na arba'in wuyan nan zai gaji ya fara jan bakin bindiga gefe. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Maharbi ya rufe idanunsa, ya ɗora kunci, ya ja numfashi ya sake, sa'an nan ya buɗe ido. In ya tarar idonsa na tsakiyar ramin saiti ba tare da ya motsa kai ba, an dace, in kuwa ya ga gefen ramin, sai a ɗauko makulli a ɗaga matashin ko a sauke shi gwargwadon milimita ɗaya, a sake gwadawa.

A nan ne yawan notunan ke zama fitina ga mai zumuɗi. Wanda ya taɓa abu uku a rana guda, makinsa ya gyaru ko ya lalace, ba shi da hujjar da zai ce ga sababi, don haka gogaggun masu horarwa suke shar'anta wa almajiransu abu biyu: a canza abu ɗaya kawai, a zauna da shi kwanaki kafin a yanke masa hukunci, kuma a rubuta kowane awo a littafi, har da ranar da aka yi shi. Ni ina ganin wannan littafi ya fi rabin kayan da ake saya wa bindiga fa'ida, domin ranar da noti ya kwance a hanya, shi kaɗai ne zai mayar da mutum inda yake.

Daga nan sai kunama. Kunamar bindigar gasa mataki biyu gare ta: yatsa ya fara janta cikin sauƙi har ya ji ta tsaya, daga wannan matsaya kuma ƙarin 'yar matsa kaɗan ce za ta tashi, ga shi nauyin da ake bukata duka sau da yawa bai kai giram 100 ba. Kowace sabuwar kunama da halinta, kuma ba a saninsa sai da maimaici, shi ya sa ake yawaita harbin da babu harsashi, mutum ya tsaya gaban farin bango yana ɗanawa yana ja, yana lura ko bakin bindiga ya girgiza a daidai lokacin da kunama ta tashi. Hatsarin da ke cikin wannan ɗan sashe ya bayyana ga duniya a gasar Olamfik ta Bejin cikin 2008, inda Ba'amurke Matthew Emmons, yana kan gaba da rata mai yawa a wasan mita 50, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinariya, kunama ta tashi tun yana sauko da bakin bindiga bai kai tsakiya ba, ya sami 4.4, ya koma na huɗu. In haka ta sami gwani da bindigar da ya saba da ita, ina ga wanda kunamarsa ba ta yi wata guda a ƙarƙashin yatsansa ba?

Saiti kuwa zobe ne cikin zobe. Ido yana leƙawa ta wani ɗan rami a baya, ya ga zoben da ke bakin bindiga, a tsakiyar zoben kuma ga baƙin allo, sai ya zama farin da ke kewaye da baƙin ya yi daidai ta kowace fuska. A jikin saitin baya akwai maɓalli biyu masu ƙara ƙas-ƙas, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, kowane ƙas yana kawar da harsashi ƙasa da rabin milimita a kan allo. Ba a bin harbi ɗaya a murɗa saiti, sai an tara kamar biyar ko goma an ga inda tsakiyar taronsu ta faɗa. Wajibi ne kuma mutum ya san wace fuska maɓallan sabon saitinsa ke juyawa har ya zama ba sai ya yi tunani ba, domin minti 15 kawai ake bayarwa na shiri da harbin gwaji. Abhinav Bindra na Indiya, gab da zagayen ƙarshe a wannan gasa ta Bejin, ya tarar saitinsa ya kauce nesa, ya yi ta murɗawa cikin 'yan mintunan da suka rage har ya dawo da shi, ya rufe da 10.8, ya zama mutumin ƙasarsa na farko da ya ci zinariyar Olamfik shi kaɗai ba cikin ƙungiya ba.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kowane bututu da harsashin da yake so. Gwangwani biyu na kamfani ɗaya, masu suna ɗaya, in ba zubi ɗaya aka yi su ba, suna iya bambanta a kan allo, kuma kan harsashin iska ana yin sa da awo dabam-dabam, kamar 4.49 da 4.50 da 4.51. Don haka mai sabuwar bindiga yakan kai ta wurin gwaji a ɗaure ta, a harba goma-goma daga kowane zubi, wanda ya fi tara harbinsa wuri guda shi zai saya da yawa ya ajiye. Masu bindigar mita 50, wadda ke cin harsashi mai albarushi na milimita 5.6, a durƙushe da kwance da tsaye, su ma haka suke yi da harsasan Eley na Ingila da Lapua na Finlan da RWS na Jamus, ga kuma karatun iska da ya ƙaru a kansu, tun da a fili suke harbi.

Mai jayayya yana iya kawo hujja da shi wannan Emmons ɗin, domin kafin gasar Atina ta 2004 ya tarar an lalata masa bindiga, ya ari ta wata abokiyar wasansa, kuma da ita ya ci zinariya a harbin kwance. Gaskiya ne, amma abin lura shi ne watanni ne tsakanin aron da gasar, kuma mutum ne da tsayuwarsa da numfashinsa da yatsansa suka riga suka ginu shekara da shekaru, saboda haka ya san abin da yake nema daga kowane noti tun kafin ya taɓa shi. Kwanaki kaɗan bayan wannan nasara kuma, a harbinsa na ƙarshe a wasan tsayuwa uku, wato durƙushe da kwance da tsaye, yana kan gaba, ya harbi allon maƙwabcinsa, aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas. Bindiga ta kai harsashi inda aka nufa da ita, kuskuren na duban lambar allo ne.

Akwai kuma ladubban tsaro, waɗanda ba a sassauta wa kowa. Duk lokacin da ba a harbi, bindiga a buɗe take, an zura mata wata igiyar roba mai launin ruwan lemo tun daga gindin bututu har ta leƙo ta baki, don alƙali ya gani daga nesa cewa babu kome ciki. Silindar iskar, wadda ake cika ta da matsi mai tsanani, maƙera sukan ɗibar mata wa'adin shekara 10, ana kuma duba kwanan watan da ke jikinta. Wanda ke Nijeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ta sa har bindigar iska cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasin. Kafin gasa kuma akwai teburin binciken kaya, inda ake ɗora bindiga a sikeli, a auna sassanta, a gwada taurin rigar harbi da wando da takalmi. Saboda haka ya kyautu mai sabuwar bindiga ya auna ta da kansa tun a gida bayan ya gama ƙara mata ƙarafan nauyi, ya fara fita da ita a ƙananan gasanni na kulob ɗinsa, ya bar babbar gasa sai littafinsa ya nuna makonni sun wuce bai taɓa noti ko ɗaya ba.