Barasa a lokacin goyon ciki: illar da ke bin yaro har girma

Tun Janairun 2000 da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara, shan giya da sayar da ita laifi ne a Gummi, Anka da Bukkuyum. Wannan ya sa tambayar ko mai juna biyu tana shan barasa ta zama mai nauyin furtawa a wajen awo. Sai dai barasa kan shigo ta wata ƙofar, wato jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake haɗawa da ogogoro, ana tallarsu a sassan Najeriya da sunan maganin basir ko ciwon baya.

Barasar da uwa ta sha tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta yi ƙwarin tace ta ba. A 1973 likitoci biyu na Jami'ar Washington da ke Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka bayyana alamomin: ƙarancin nauyi, ƙaramin kai da siririn leɓen sama. Mafi muni shi ne lahanin ƙwaƙwalwa, wanda ba ya warkewa. Yaron kan kasa riƙe karatu, a yi masa kallon daƙiƙi, ko a ce shafar aljanu ce.

Yankin ya san yadda guba ke cin yara: a 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe kimanin yara 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ita ma kuwa tana ratsa mabiyiya.

Babu adadin barasa da likitoci suka tabbatar ba shi da haɗari ga ciki, kuma lahanin na iya farawa tun makonnin farko, kafin mace ta san tana ɗauke da juna biyu.