Daga Tokyo zuwa ramukan kuzar Jos

 

Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, mutanen Zariya kuma sun san barikin Chindit. Dalet da Kalapanzin wurare ne a ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar, Chindit kuwa sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a can. To me ya kai kakanninmu Burma?

Amsar tana Japan. Daga 1868 ƙasar ta tashi haiƙan ta gina masana'antu da rundunar zamani, domin ta ga yadda Turawa suka yi wa Sin kaca-kaca. Sai dai tsibirai ne marasa man fetur da roba, ƙarfen ma bai taka kara ya karya ba. Shugabanninta suka zaɓi ƙwace. Suka karɓe Taiwan a 1895, suka haɗiye Koriya a 1910, suka mamaye Manchuriya a 1931, a 1937 suka afka wa Sin gaba ɗaya, aka yi kisan gilla a birnin Nanjing. Sun ce 'yantar da Asiya daga hannun Turawa suka zo yi. Matan Koriya da aka tilasta wa kwana da sojoji, su suka fi kowa sanin ƙaryar wannan magana.

Da Amurka ta hana ta mai a 1941, sai Japan ta kai hari Pearl Harbor a watan Disamba. Ba a ƙare Fabrairun 1942 ba ta ƙwace Malaya da Singafo daga Ingila, ta kuma kutsa Burma.

Nan ne wutar ta iso gidajenmu. Malaya ce rumbun kuzar Ingila. Da ta suɓuce, sai Turawan mulki suka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, ana tura su aikin tilas. Manomi ya bar gonarsa, ya tsinci kansa cikin rami, kwano a ka, ga sanyin Filato da bai saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa ba su dawo ba. Abin takaici, waɗannan bayin Allah ba su da bariki ko titi da ke ɗauke da sunansu.

Wasu kuma kaki aka sa musu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ƙetare teku, suka shiga dazuzzukan Kaladan da Arakan a Burma, inda mota ba ta shiga, sai dai a ɗauki harsashi da abinci a ka, ana ratsa koguna. Hausa ce ke haɗa yawancin sojojin Najeriya a wurin. A Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung.

Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, bayan bama-baman nukiliya sun hallaka Hiroshima da Nagasaki, daular ta wargaje. Sojojinmu da suka je Burma suka dawo gida, sun ga Bature yana gudu, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa. Yawancinsu ba su sami aikin da suka sa rai ba, kwarjinin mai mulki kuma bai sake komawa yadda yake a idonsu ba.