Haƙƙin Sojan Da Ya Faɗi A Fagen Daga Da Amanar Mai Ba Da Labari

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin soja na Inates a jihar Tillaberi, sojojin Nijar 71 suka rasu. Ba a yi wata guda cif ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka sake kai wani a Shinagodar, aka rasa 89. A watan Maris na shekarar, Chadi ta rasa sojoji fiye da 90 a Bohoma, yankin Tafkin Chadi. An yi zaman makoki, an sassauto da tuta. Amma a irin waɗannan ranaku akwai abin da ke faruwa a wayoyinmu: hotunan gawawwaki suna yawo a WhatsApp da Facebook tun kafin iyalan mamatan su ji labari. Wata matar a wayar maƙwabciya za ta fara ganin fuskar mijinta. Me shari'a ta ce a kan wannan?

Mu koma shekara ta 8 bayan Hijira, yaƙin Mu'uta. Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai rasuwar kwamandoji uku, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, idanunsa suna zubar da hawaye. Ya tafi gidan Ja'afar da kansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya umurci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Darasi uku ne a nan: bai ɓoye labarin ba, bai mai da mamatan lissafi ba, kuma bai bar iyali su tsinci labarin a kasuwa ba.

Na farko shi ne tabbatarwa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin karɓar labari, aya ta 83 a Suratun Nisa'i kuma ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin tsaro ko na tsoro ba tare da mai da shi ga masana al'amarin ba. A Uhudu jita-jitar cewa an kashe Annabi (SAW) ta karya gwiwar mutane da yawa a tsakiyar yaƙi. Wanda ya tura saƙon murya yana cewa an kashe ɗari alhali bai gani ba, bai ji daga majiya tabbatacciya ba, ya hana ɗaruruwan gidaje barci. Sai dai wannan aya ba hujja ba ce ga hukuma ta ɓoye gaskiya ko ta rage adadi. Idan hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ya samu 'ya'yansu.

Na biyu shi ne suturar mamaci. Hadisi ya nuna cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye, wato alfarmar mutum ba ta ƙarewa da fitar rai. Lokacin da za a rufe Mus'ab ɗan Umair a Uhudu, mayafinsa bai isa ya rufe kai da ƙafa ba, sai aka rufe kansa da mayafin, aka sa ciyawar izkhir a ƙafafunsa. Haka aka kula da sutura a ranar da babu likkafani. To yaya wanda zai ɗauki hoton gawa a yashe ya watsa wa duniya? Ku sani kuma, masu kai harin da kansu suke ɗaukar wasu daga cikin bidiyon nan don su tsorata jama'a su ja hankalin matasa. Duk wanda ya tura shi gaba ya yi musu aikin yaɗawa kyauta, ko da ya rubuta addu'a a ƙarƙashinsa.

Wasu ƙasashe ma sun sha muhawara a kan wannan. Amurka ta hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojinta a sansanin Dover tun 1991, mutane suka ce ana ɓoye wa jama'a asarar yaƙi. A 2009 aka ɗage hanin, da sharaɗin sai iyali sun yarda. Ga shi sun dawo kan abin da ya dace: a faɗi gaskiya, amma a fara da iyali.

Na uku shi ne suna. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo, aka kashe sojojin Amurka 4 tare da 'yan Nijar da ke tare da su. Kafofin watsa labaran duniya sun yi makonni suna ambaton sunayen Amurkawan da tarihinsu da iyalansu. Namu kuwa, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan ɗaya? Wannan aiki ne a kan gidajen rediyonmu da jaridunmu: bayan an sanar da iyali, a faɗi sunan soja da garinsu, don mutanen garin su san gidan da za su je ta'aziyya.

Game da kalmar shahidi, Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan kada a yanke wa wani mutum shahada kai tsaye, domin Allah ne Masanin niyya. Muna kyautata zato ga Musulmin da ya rasu yana kare rayuka da dukiyoyin jama'a, muna roƙon Allah Ya karɓe shi cikin shahidai. Wanda ba Musulmi ba a cikin rundunar, shi ma yana da haƙƙin a kiyaye mutuncin gawarsa, a jajanta wa iyalinsa, a gode wa hidimarsa.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, makokin ƙasa kwana uku ne, amma takabar matar soja wata huɗu ce da kwana goma, maraicin 'ya'yansa kuma shekaru ne. Jabir ɗan Abdullahi ya rasa mahaifinsa a Uhudu, ya bar masa bashi da 'yan uwa mata, Annabi (SAW) ya tsaya masa har aka biya bashin. Kwamitin kowane masallaci ya san gidajen sojojin da suka rasu a unguwarsa: wa ke biyan kuɗin makarantar yaran, wa ke raka gwauruwar wajen neman haƙƙin mijinta? Ɗalibi kuma, idan hoton gawa ya shigo wayarka, ka goge shi, ka yi wa mai turowa nasiha da lalama.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.